Mai Rediyo da Sanarwar Rasuwar Hammajoda

A Ƙofar Dumi ta cikin garin Bauchi in ka tambayi Malam Mahfuz sai a ce maka wanne, amma in ka ce Mai Rediyo kowa zai nuna maka lungun. Shagonsa ɗan ƙarami ne, tebur ɗaya da benci biyu, bango duk ya yi baƙi da hayaƙin dalma. Mahaifinsa maƙerin farfaru ne, ya so ɗan ya gaje shi, amma Mahfuz tun yana matashi hankalinsa ya tafi ga akwatin da ke magana. Ya yi shekara huɗu yana koyon gyara a hannun wani Bayarabe a kasuwar Wunti, sannan ya dawo unguwarsu ya buɗe nasa.

Gyaran ne ya ciyar da shi, ya aurar da 'ya'yansa, amma ba shi ya ba shi suna ba. Labari ne. A shagon nan koyaushe akwai rediyo biyu a kunne, ɗaya na gida ɗaya na ƙetare. Da an sauko daga sallar la'asar dattawan unguwa sai su cika bencinsa, a saurari labarun duniya tare, in an gama kowa ya juyo yana kallonsa. Shi zai ce ga inda ƙasar nan take, ga abin da ya haɗa su faɗa, ga abin da mai labarai ya ɓoye bai faɗa ba. Ko gardama ta kaure a wurin mai shayi, ƙarshenta a ce, "Mu je mu ji daga bakin Mai Rediyo." Ya yi kusan shekara talatin a haka, kuma ba zai ɓoye maka ba, yana jin daɗin abin.

Sai wayoyi suka zo. Da farko rediyon ne aka daina kawowa, don sababbin da ake shigowa da su in sun lalace yarwa ake yi a sayi wani. Ya koma gyaran fanka da dutsen guga da tocila, ana samun na cefane. Wannan bai dame shi sosai ba. Abin da ya ci masa rai shi ne bencin. Mutanen suna nan, amma kowa ya sunkuyar da kai a kan tafin hannunsa. In ya gyara murya ya ce, "Kun ji abin da ya faru a Sudan?" sai wani ya amsa ba tare da ya ɗago ba, "Ai tun safe muka gani, har da bidiyo."

'Yarsa Ni'ima, wadda ke aure a Ƙofar Wambai tana koyarwa a firamare, ita ta lura da yadda ya yi sanyi. Ta kawo masa babbar waya, ta yi sati biyu tana zuwa bayan an tashi daga makaranta tana nuna masa inda ake dannawa. Mutumin da ya saba da hanjin rediyo ba waya ce za ta gagare shi ba. Kafin wata uku an saka shi a guruf ɗin hira na 'yan unguwa a waya, kuma da yake dattijo ne mai jin magana, aka ba shi shugabancinsa.

Guruf ɗin nan ya sha masa kai ba kaɗan ba. Wani zai turo saƙon murya na minti goma sha biyu, ka saurara har ƙarshe ka tarar tallan maganin basir ne. Ranar Juma'a hotunan barka da Juma'a su cinye masa data kafin hantsi. Lokacin zaɓe kuwa, maƙwabtan da ke sahu ɗaya a masallaci suka riƙa zagin iyayen juna a rubuce. In ya cire mutum, da yamma sai ga shi a ƙofar shago yana huci, wai an wulaƙanta shi a gaban jama'a. Sau da yawa yakan ce wa matarsa, Hajja A'i, "Wallahi gobe zan fita daga abin nan." Ita kuma ta ce, "To, Malam," don ta san ba fita zai yi ba.

Abin da ya riƙe shi sanarwa ce. Suna, ɗaurin aure, akuyar da ta ɓata, ranar da za a kawo ruwan famfo, duk ta hannunsa suke bi. Daga baya ya buɗe shafi a dandalin sada zumunta yana ɗora su a can ma, har mabiyansa suka haura dubu goma, ciki har da 'yan Bauchi mazauna Legas da Saudiyya. A nan ya gano abu biyu. Na farko, babu abin da ke tafiya kamar sanarwar rasuwa. Na biyu, akwai wasu samari masu shafukan labarun gari da ke kwafe rubutunsa su ɗora kamar nasu, wani lokaci ma su riga shi. Ranar da aka riga shi, ko abinci ba ya yi masa daɗi.

Cikin duk mutanen da ya sani, mutum ɗaya ne bai taɓa shiga wannan harka ba, wato amininsa Hammajoda. Bafillatani ne, iyayensa sun yi kiwo a wajejen Gubi tun kafin a yi dam, shi kuma ya shigo gari ya zama dillalin shanu a kara. Dogo ne siriri, ba ya rabuwa da 'yar rediyonsa mai jakar fata a rataye a kafaɗa. Wannan rediyon ce ta haɗa su shekara arba'in da suka wuce, kuma ita ce rediyo ta ƙarshe da har yanzu ake kawowa shagon. Wayarsa ƙarama ce mai madannai, ita ma sai ya ga dama yake ɗauka. A daminar bara ciwon suga ya kayar da shi, ƙafa ta kumbura, aka kwantar da shi a babban asibiti. Ranar Litinin Malam Mahfuz ya je dubiya, ya fito jikinsa a sanyaye, don bai taɓa ganin abokin nasa ya rame haka ba.

Ranar Alhamis da hantsi yana kwance wata fanka, sai ga saƙon murya daga Badruddeen, wani mai tuƙa keke ɗan unguwar.

"Baba Mai Rediyo, yanzun nan na sauke fasinja a asibiti. Na hango Mudathir ɗan gidan Hammajoda yana tura gadon gawa, an lulluɓe ta, wata tsohuwa na biye tana kuka. Ina jin fa ta Allah ta kasance."

Sukuddireban ya faɗi daga hannunsa. Ya yi salati, hawaye suka zubo masa, kuma hawayen gaske ne. Ya kira lambar Mudathir, aka ce a kashe take. Sau ɗaya ya kira. Zuciyarsa ta ce masa ai wanda ke kan gawar uba ba ya kunna waya. Daga shagon zuwa asibitin tafiyar minti goma ce a babur, gidan Hammajoda kuwa ko biyar ba ta kai ba a ƙafa. Amma a daidai lokacin wani tunani ya faɗo masa: Badruddeen ba shi kaɗai ya tura wa saƙon nan ba. Yanzun nan samarin can za su ɗora rasuwar amininsa, su rubuta sunan ba daidai ba, shi kuma ya zo daga baya kamar baƙo.

Ya share ido, ya shiga neman hoto. Ya wuce uku kafin ya tsaya a kan na Babbar Sallah, inda Hammajoda ke sanye da farar babbar riga yana murmushi. Ya rubuta Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, ya rubuta cikakken suna da unguwa da yawan 'ya'ya. Da ya zo ƙarshe sai ya ga sanarwar ba ta cika ba, don mutane za su tambayi lokaci. Ya ƙara da cewa za a yi jana'iza bayan sallar azahar a ƙofar gidan mamacin. Babu wanda ya gaya masa haka. Haka dai aka saba yi.

Ya tura a guruf, ya ɗora a shafi, ya rufe shago, ya koma gida ya sauya riga, sannan ya nufi gidan rasuwa.

Ya tarar har an fara shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Daga ciki ana jin koke-koken mata. Habibatu, matar Hammajoda, da safen nan ta dawo daga asibiti don ta dama masa kunu, tana tsaye a bakin murhu maƙwabta suka faɗo mata da salati. Aka ce a nan ta yanke jiki ta faɗi, kunun ya zube mata a ƙafa. Samari shida sun ɗauki diga da shebur sun tafi maƙabarta. Liman ya iso. Duk wanda ya zo, Malam Mahfuz yake fara miƙa wa hannu, a ce, "Malam, ya haƙuri? Kai aka yi wa rashi." Yana amsawa, wayar na ta motsi a aljihunsa.

Ana cikin haka babur ya tsaya. Mudathir ne ya sauko, magidanci ɗan shekara talatin da wani abu, riƙe da fulas da kwanon abinci. Ya tsaya yana kallon tabarmi da jama'a, fuskarsa ta canja.

"Lafiya? Wa ya rasu? Inna ce?"

 Liman ne ya matso ya kama hannunsa. "Mudathir, ba daga wurin gawar mahaifinka kake ba?"

"Wace gawa? Baffa na baro shi zaune yana faɗa da nas a kan an hana shi goro. Kunu na zo karɓa, Inna ta daɗe."

Wani ya ce an gan shi yana tura gawa.

"Tsohon da ke gadon kusa da namu ne. Daga ƙauye suke, ba shi da kowa sai matarsa, shi ne na taya ta. Wayata kuma tun jiya ba caji." Ya juya ga jama'a. "Wa ya ce Baffa ya rasu? Wa ya faɗa?"

Mutane suka zaro wayoyi, kowa yana duba inda ya fara gani. Ɗaya bayan ɗaya suka ɗago kai, duk idanun suka taru a wuri guda. Malam Mahfuz yana zaune a kan tabarma da carbi a hannu.  Mudathir ya dube shi ya ce, "Baba, kai?" Ya shige gida da gudu yana kiran Inna.

Malam Mahfuz bai san yadda ya sa takalmi ba. Ya bi ta lungun baya ya koma shago, ya turo ƙofa, ya zauna yana goge sanarwar. Ya goge na guruf, ya goge na shafi. Amma abin ya riga ya bar hannunsa. An tura shi guruf ɗin 'yan kara, da na tsofaffin ɗalibai, da na matan unguwanni. Shafuka huɗu sun kwafe hoton da rubutun, har da lokacin jana'izar. Ya rubuta gyara da manyan baƙaƙe: Hammajoda yana raye, kuskure ne daga gare ni, ku yafe mini. Sanarwar farko cikin awa ɗaya mutum fiye da ɗari biyar suka yaɗa ta. Gyaran, har la'asar, mutum tara. A ƙarƙashin gyaran ma wasu suka riƙa rubuta "Allah ya jiƙansa," don hoton suka gani, ba su karanta ba.

Ya bi masu shafukan ɗaya bayan ɗaya yana roƙo. Biyu ba su amsa ba. Ɗaya ya sauke. Na huɗun ya rubuto masa cewa su daga majiya mai tushe suka samu labarinsu, ba za su sauke ba sai iyalan mamacin sun yi magana.

A shafin wannan na huɗun ne abin ya ƙazanta. Wani da ba a san ko wane ne ba, mai hoton zaki a madadin fuska, ya rubuta a ƙarƙashin hoton cewa irin waɗannan dillalan ne ke sayar da shanun sata, an rage mugun iri. Wasu suka taso masa, wasu suka goya masa baya, kafin magariba an koma zagin ƙabila da ƙabila, duk a ƙarƙashin farar rigar Hammajoda da murmushinsa. Mutumin da ko akuyar wani bai taɓa riƙewa ba. Ni'ima ta zo ta taya mahaifinta kai ƙara ga masu manhajar. Bayan kwana uku amsa ta zo da Turanci, ta fassara masa: sun duba, ba su ga abin da ya saɓa wa ƙa'idarsu ba.

"Su waye suka duba?" ya tambaye ta. "Suna jin Hausa?"

"Baba, ban sani ba. Wataƙila ma ba mutum ba ne."

Ranar da amsar ta zo kuma ya ji sauran. Zakiyya, babbar 'yar Hammajoda da ke aure a Yola, tana ganin sanarwar ta shiga mota da goyo, ita da surukarta. Sai da suka wuce Gombe kiran Mudathir ya same ta, bayan ta yi awa huɗu tana kukan uba. Habibatu kuma ƙafarta ta sale, jininta ya hau, sai da aka yi mata ƙarin ruwa.

Kwana huɗu bai buɗe shago ba. Salla ma sai ya zagaya can wani masallaci a bakin titi inda ba a san shi sosai ba. A rana ta biyar Hajja A'i ta ajiye masa koko ta tsaya a kansa.

"Malam, ɓuyan nan ya isa. Mutumin nan yana kwance, kullum sai ya tambayi ko ka zo."

"Da wane ido zan kalle shi?"

"Da wanda ka zaɓi hoton."

Ya tafi da rana tsaka, lokacin da ya san 'yan dubiya ba su da yawa. Hammajoda yana jingine da filo, ƙafar a naɗe. Yana hango shi ya ɗaga murya, "Jama'a, ga wanda ya kashe ni ya iso!" Majinyatan ɗakin suka fashe da dariya, don labarin ya riga ya zagaye asibitin. Malam Mahfuz ya durƙusa a gefen gadon, abin da bai taɓa yi wa abokin nasa ba.

"Tashi ka zauna a kujera, Mahfuz. Tambaya zan yi maka." Dariyar ta bar fuskarsa. "Ka ga gawata?"

"Ban gani ba."

"Ka leƙa gidana ka tambayi Habibatu?"

"Ban leƙa ba."

"An nuna mini hoton. Mai kyau ne. Ka daɗe kana nema?"

Malam Mahfuz ya sunkuyar da kai. "Na ɗan daɗe."

Hammajoda ya ɗaga kai yana kallon silin. "Ƙaryar mutuwa ba ta dame ni ba, ai tana tafe. Zagin da aka yi mini ma, wanda ya yi bai san ni ba. Abin da nake ta juyawa a gadon nan shi ne, a ce da gaske ne. An ce maka Hammajoda ya cika. Shekara arba'in. Ni na ɗauka ko takalmi ba za ka tsaya sawa ba, za ka zo ka kama Mudathir, ka ga fuskata kafin a rufe. Ashe zama za ka yi kana neman hoto."

Babu wanda ya yi dariya a ɗakin yanzu. Malam Mahfuz ya ji da ma ƙasa ta buɗe. Ya ce, "Hamma, ba ni da abin cewa. Ka yafe mini."

"Na yafe tun ranar. Amma Habibatu ba ni zan yafe mata ba. Ka je da ƙafarka."

Ya je washegari. Ya tsaya a zaure ya yi sallama, ta amsa daga bayan ƙofa, ba ta fito ba. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "Malam, na yi takaba ta awa ɗaya da mijina a raye, ba na fatan ko maƙiyina ya ɗanɗana. Na yafe don Allah. Amma hoton duk wani ɗan gidan nan da ke cikin wayarka, ka cire." Ya cire su a tsaye a wurin. Zakiyya kuwa har ta koma Yola ba ta gaishe shi ba, ita da a da take kawo masa tsaraba kafin ta shiga gidan ubanta.

Ya sauka daga shugabancin guruf, ya sa Ni'ima ta rufe shafin. Wasu suka zo suna ba shi baki, wai kowa yana kuskure, yanzu ga shi ana ɗaurin aure ba a ji. Ya ce su nemi wani. Badruddeen ya zo ba da haƙuri, Malam Mahfuz ya ce masa, "Kai cewa ka yi kana ji. Ni ne na sa lokacin jana'iza."

Bayan sati uku aka sallami Hammajoda, yana dogara sanda. Da ya koma kara ya tarar wasu fataken Kudu da suka saba sauka a hannunsa sun koma wurin wani dillali, don an gaya musu ya mutu. Bai taɓa yi wa Malam Mahfuz zancen ba. Shi Malam Mahfuz a bakin wasu ya ji.

Wata huɗu da faruwar abin, ranar wata Asabar da safe, Mudathir ya tsaya a ƙofar shago ya ce Baffa na kira. Malam Mahfuz ya tarar da baƙo a zaure, wani tsoho tukuf da malafa da sanda, gabansa ƙwaryar man shanu. Kawun Hammajoda ne, daga wata ruga can bayan Ningi. Sai a makon nan labarin ya kai gare shi, daga bakin wani da ya ji a bakin wani mai waya a kasuwar ƙauye. Ya yi tafiyar yini a ƙafa kafin ya samu mota, ya zo ta'aziyya, ya yi sallama, mamacin ya fito ya amsa. Har yanzu hannun tsohon na riƙe da gefen rigar Hammajoda.

"Na yi masa bayani bai gane ba," in ji Hammajoda. "Kai ka san kan abin. Gaya masa."

Malam Mahfuz ya tsuguna. Ya yi ƙoƙarin bayyana wa mutumin da bai taɓa riƙe babbar waya ba mene ne shafi, mene ne guruf, yadda ake rubuta abu a Ƙofar Dumi a karanta a Legas. Tsohon yana saurare, Mudathir na juya masa wasu kalmomin da Fillanci. Da ya gama, tsohon ya tambaya da gurɓatacciyar Hausarsa.

"Mutum nawa ka gaya wa?"

"Ban san adadinsu ba, Baba."

"Ka san gidajensu?"

"A'a."

"To yaya za ka bi su ka ce ba haka ba ne?"

 Tsohon ya jira kaɗan, da ya ga babu amsa sai ya juya ga ɗan 'yar'uwarsa suka ci gaba da zancen shanu da ruwan bana. Ya kwana biyu a gidan. Ranar da zai koma, Malam Mahfuz ya rufe shago, ya ɗauki buhun tsarabarsa a kafaɗa har tasha, ya samar masa kujerar gaba, ya tsaya a rana har motar ta cika ta tashi.